Layin da Rakiya Ta Ja a Wuyan Shugaba

Ku da kuka shigo koyarwa yanzu, zuwan sufeto kuke kira tashin hankali. Ni kam har in koma ga Allah ba zan manta da wata safiyar Alhamis ba, zamanin juyin juya hali, ina malamin aji shida a wata lakwal, wato makarantar boko, ta unguwar Zongo.

Takarda ta zo wa daraktan makarantarmu cewa kowace makaranta ta fito da babban hoton shugaban ƙasa ranar fareti. Da yake an san ina ɗan taɓa zane, sai aka ɗora mini. Yadda ake yi, a raba ƙaramin hoto gida-gida da rula, a ja irin gidajen a babban ƙyalle, kowane ɗalibi ya cika nasa da fenti. Sati biyu muna fama. Wuya ya faɗo wa Rakiya, 'yar wani mai fataucin shanu, wadda ta fi kowa hannu.

Ranar da wakilin kwamitin unguwa zai zo dubawa, na yaye mayafin hoton. Sai ga siririn baƙin layi ya ratsa wuyan shugaba daga gefe zuwa gefe.

Na san ma'anarsa, a Zongo aka haife ni. A gidajenmu in yaro ya zana mai rai, yakan ja masa layi a wuya, don kada ranar lahira a ce ya hura masa rai. Amma wa zai tsaya yi wa soja wannan bayani? Lokacin ana ɗauke mutum a kan abin da bai kai wannan ba.

Na ce, "Wa ya yi?"

Rakiya ta miƙe, ta kira ni yadda ake kiran malami da Faransanci. "Mushe, Baba ne ya ce in ban yanke ba, alhakin yana kaina."

"Kul na sake jin sunan babanki a bakinki!" Ban taɓa daka mata tsawa ba sai ranar.

Na rarumi burushi ke nan sai na ji tsayuwar mota. Wakilin ya shigo, Kamarad Isufu, mutumin da ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa, da wani soja ɗan kudu a bayansa. Ya tsaya daf da hoton, faɗin bayansa ya tare wa sojan wuyan. Ya daɗe. Ni kuwa ina ta salati a zuci, ina tunanin wa zai gaya wa matata.

Can ya ɗaga murya da Faransanci, ya wanke ni tas, wai na yi wa kakin shugaba gajeriyar kwala kamar ta ɗan tebur. Sojan ya yi dariya ya koma bakin ƙofa. Sai Isufu ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce da Hausa ƙasa-ƙasa, "Malam, ɗaga kwalar ta wuce nan kafin azahar. Ni ma haka tsohuwata take sa ni yi."

Ranar fareti har yaba kwalar aka yi, layin kuwa yana nan a ƙarƙashinta.

Tun daga nan ban ƙara ba yara aiki ba sai na tambayi abin da aka ce musu a gida, don kowane yaro da malaminsa yake shigowa aji. Amma tsawar nan tana ci mini rai har yau. Rakiya ba ta sake taɓa burushi ba har ta bar lakwal.