Makubar Ɗantala

Duk wanda ya san ƙauyenmu na gefen Maradun kafin ruwan Bakolori ya cinye shi, ya san Ɗantala, ƙanen babana, mai shafen makuba. Ɓawon ɗorawa yake jiƙawa ya kwaɓa da ƙasa, ya shafe bango har ya yi sulɓi. Akwai shi da cika baki, amma fa hannun ya iya.

Da aikin dam ya zo, aka ɗauke shi lebura a ɗakin gwaji a Talata Mafara. Akwai wata na'ura a can: a ɗaga ƙarfe saman gangare a saki, ya sulalo ya gogi farantin da aka yi wa fentin ƙofofin ruwa, a duba ko fentin ya ɓare. Ɗantala ke ɗaga ƙarfen, Augustine ma'aikacin ɗakin ke duba tabon. Suka shaƙu, har Augustine kan bi shi gida cin tuwo.

Wata rana Ɗantala ya kawo guntun bango mai makuba a buhu, ya nace sai an gwada. Aka saki ƙarfe, ya goga ya wuce, ɗan zane kawai ya bari.

"Kai, Baba, wannan har jikokinka za su gani," in ji Augustine.

Shi ke nan, kan Ɗantala ya kumbura. Da ma an ce mana ruwa a fadama zai tsaya, sai ya gina sabon ɗaki, ya bi gidan kaf da shafe, har rumbu. Augustine na zaune a inuwa yana yaba masa.

Ashe tun kafin gwajin nan Augustine ya raka masu awon ƙasa, ya ga ruwa zai haura kan rumbun. Bai ce uffan ba. Wannan shirun ne har yau ke ƙona min rai.

Da aka ce mu tashi, Ɗantala ya tare Augustine a bakin ɗakin gwaji.

"Kai, Agustin, ka san da zancen ga?"

"An hana mu faɗa, Baba."

"To mi ya hana ka yi mani ƙarya? Da ka ce makubar ba ta da ƙwari, da ban taɓa bangon ba."

Ɗantala bai sake ɗaga ƙarfen ba. Gidan da ya zauna a sabon matsuguni kuwa, har ya rasu bangonsa tsirara yake.