Tsokar Ƙodar Baba

Babanmu mutum ne da ko aski aka yi masa sai ya tattara gashin ya binne a gindin darni. Farce ma haka. Shi ya sa ranar da likita a Sakkwato ya ce zai sa allura ya ɗebo 'yar tsoka daga ƙodarsa, na san akwai rigima. A lokacin ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, albasarsa kuma tana Bodinga tana jiran cira.

Likitan ya ce za a aika tsokar wani ɗakin bincike mai nisa, inda wata na'ura ke bin ta ɗigo-ɗigo tana auna sinadaran da ke ciki, ta fitar da hoton inda ciwon ya taru.

Baba ya dube ni, ya ce, "In sun ƙare a maido mini abina. Yadda Allah ya halicce ni, haka nika son a rufe ni."

Na ce za a maido. Ban tambayi kowa ba, ni dai burina ya yarda.

Sai bayan mako uku na yi tambayar. Likitan ya ce an yanyanka ta falle-falle, ko ɓawon albasa ya fi ta kauri, an manna a gilashi, hasken na'urar kuma cin ta yake yi yana aunawa. Babu abin da zai dawo. Ya nuna mini hoton a waya, ja da shuɗi da kore, gwanin kyau, har haushin kyansa na ji. Ya ce ciwon ya riga ya yi nisa.

Duk zuwan da zan yi daga Shagari, inda nake koyarwa, kafin in zauna Baba zai ce, "Ina abin da anka ɗebe?" In ce yana hanya. Ranar da na ga ko zama ba ya iyawa, na ce ya iso, yana wurina. Ya ce, "Madalla. Allah shi yi maka albarka." Wannan albarkar har yau tana ci mini rai.

Ya rasu ranar Talata da hantsi. Ashe ya bar wa ƙanensa wasiyya. Ana cikin yi masa sutura baffan namu ya leƙo, ya kira ni a gaban mutane, ya ce in kawo ajiyar. Na shiga ɗaki, na naɗe auduga a farin ƙyalle, na ɗaure da zare. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi bismilla, ya sa masa a kwiɓin dama. Ba wanda ya kwance ya duba.