Babur ɗin Kakana

A gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka, in an ce babur ba na hawa ake nufi ba, jirgin ruwa ne mai tafiya da kwal, kamar yadda mutanen Jidda ke kiransa. Baƙi daga Kano sukan yi dariya in suka ji kakana ya ce babur ɗinsa ya nutse a teku.

Da ƙafa ya bar gida yana saurayi, niyyarsa aikin hajji. Da ya iso gaɓar Sudan sai ya sami aiki a wani tsohon jirgin kaya mai jigilar auduga da gishiri da tumaki zuwa Jidda da Adan. Shi ke zuba kwal a wutar injin, a can ƙasan jirgin. Ya ce shekara guda zai yi, ya ƙare da yin shekaru. Yana son jirgin. Yakan kwaikwaya mana kukan injinsa da baki, kakata tana zuba shayi tana cewa ya isa haka.

Da yaƙin duniya na biyu ya zo, aka mayar da jirgin ɗaukar kayan soja. Wata safiya ya hau sama shan iska, jirgin sama ya sako musu bom. Jirgin ya nutse, abokan aikinsa da ke wajen wuta ba wanda ya fito. Shi da wani kuku Ba'indiye suka rungumi katako, har masunta suka tsince su.

Ina budurwa na tambaye shi ko ya ji tsoro.

"Ƙishirwa na ji, jikata," in ji shi. "Tsoron sai daga baya ya zo."

Da ya warke ya shigo Makka, ya sauke farali, ya kama sana'ar kai ruwa gida-gida. A nan ya auri kakata. Bai sake taka jirgi ba, amma duk azumi yakan yi sadakar abinci da sunan mutanen da suka rasu a ciki.

Yanzu a unguwar Shisha nake, a bene hawa na uku. Jikokina Larabci ya fi musu sauƙi, don haka rabi da rabi nake ba su labarin. Ƙaramar ta ce ita tuƙin jirgin ruwa za ta koya. Uwarta ta harare ni, ni kuwa na ce Allah ya ba da sa'a.