Kuɗin Nafaƙar da Na Danƙa wa Uban Yara

Shekarun baya, lokacin da nake da shagon ɗinki a unguwar Ammariyya ta Jidda, albashi a ambulan ake biya, hannu da hannu. Yanzu banki ke cire abin da kotu ta yanke tun kafin mai shi ya gani. A wancan zamanin wannan aikin a wuyan mai gida yake.

Akwai wani telana, mai hannu ƙwarai, da ya rabu da matarsa, 'ya'yansu uku suna wajenta. Ta kai ƙara mahkama, wato kotu, aka aiko mini da takarda cewa kowane wata in cire kuɗin nafaƙa daga albashinsa in miƙa mata. Watan farko na cire. Sai ya zo ya tsaya bakin teburin yanka, kansa a ƙasa.

"Baba, ka ba ni in kai musu da kaina. Kada yarana su tashi suna cewa alƙali ne ke ciyar da su."

Maganar ta shige ni. Na zauna a Kano, na zauna a Hartum da Kumasi, ko'ina na ga yadda uba ke ƙanƙancewa idan wani ya shiga tsakaninsa da tukunyar 'ya'yansa. Sai na ɗauka na fi takarda sanin mutane. Na ce, "Halas, shi ke nan, ungo." Haka muka yi wata bakwai, ina cirewa da dama ina mayar masa da hagu, har ina yaba wa kaina da dattaku.

Wata rana bayan la'asar wata tsohuwa ta shigo shagon, ta ce ita ce kakar yaran. Ta ƙi kujera, ta ƙi shayi.

"Alhaji, takardar mahkama wa aka ba, kai ko shi?"

"Ni ne, Hajiya."

"To mu ko riyal ba mu gani ba. 'Yata ta ce kai babba ne, ba za ta zo ta tsaya maka a ƙofa ba. Jiya mai gidan haya ya fitar musu da kaya."

Na kira telan. Bai musa ba. Ya ce kafilinsa, wanda ya tsaya masa a ƙasar, shi ne ya matsa masa kan kuɗin sabunta iƙama, takardar izinin zama, kullum yana gaya wa kansa wata mai zuwa zai haɗa ya kai.

A ranar na biya na wata bakwai daga aljihuna. Amma ɗakin an riga an ba wani. Uwar ta kwashe yaran zuwa gidan yayanta a Madina, babbar yarinyar ta rasa karatun shekara guda.

Har yau ba telan nake zargi sosai ba. Shi babu ce ta ture shi. Ni kuwa amana aka ba ni, na yi kyauta da abin da ba nawa ba. Na tausaya wa wanda ke tsaye a gabana, na manta da waɗanda kunya ta hana su zuwa. Yaran a Madina suka girma, nesa da ubansu, ba su sake zama a Jidda ba.