Ikilima a Hawa na Sha Takwas

Duk wanda ya taɓa sayen man gyaɗa a kasuwar Baure ya san Ikilima. Tun tana amarya take wannan sana'a, da mijinta ya rasu kuma da ita ta raini 'ya'yanta huɗu. Mace ce mai faɗa, ba ta ajiye magana a ciki, amma gidanta ba ya rabo da jama'a. In ba mata masu ɓarar gyaɗa ba, to baƙin ƙauye ne ke jiran rana ta yi sanyi.

Autanta Yazid shi Allah ya ɗaukaka. Ya sami aiki a Abuja, ya kama gida a wasu dogayen benaye uku da aka gina wa masu hannu da shuni. Da ciwon gwiwa ya matsa wa Ikilima, ya zo ya tafi da ita ta ga likita.

Benayen a tsaye suke kamar an jera kwalabe, gilashi tun daga ƙasa har sama. A tsakaninsu akwai wurin ninƙaya mai shuɗin ruwa, da ciyawar da ake yi wa aski kamar kan ango. Lif ya ɗaga su zuwa hawa na sha takwas, Yazid ya ja ta gaban taga yana murna.

"Inna, daga nan duk garin kike gani."

"Na gani. Buɗe mini in sha iska."

"Ba a buɗe ta, Inna. Haka aka ƙera ta, iskar daga na'ura take fitowa."

Daga nan ranta ya fara ɓaci. An yi ruwan sama ba ta ji ƙamshin ƙasa ba. Kiran salla sai a waya. Maƙwabcin da ƙofarsa ke kallon tasu, sau ɗaya ta gaishe shi a lif, ya dube ta kamar ta zo roƙo. Ranar da ta daka citta a ɗan turmi, na ƙasa suka kai ƙara ofis. A bayan madafa ta ga wani ɗan kurkuku marar taga, ta tambayi surukarta Sadiya ko nan ake ajiye hatsi. Sadiya ta ce ɗakin 'yar aiki ne.

"Falo kamar filin idi, ɗiyar mutane kuma a akurki? Wallahi ko akuya ba na ɗaurewa a nan."

Ana nan, ƙaninta Kabo ya taso takanas daga Baure ya duba ta, da rabin buhun gero da zabi biyu. Masu gadi suka tare shi a bakin get, wai ba a sanar da zuwansa ba. Wayar Yazid a kashe, Sadiya ta fita. Dattijo mai furfura ya tsaya a rana tun hantsi har bayan azahar kafin ya sami yayarsa a waya.

"Yaya, ga ni a ƙofa. Sun ce mai kaya irina ta ƙofar baya yake shiga, inda ake fitar da shara. Zabin kuwa ba za su shiga ba sam."

Ikilima ta ɗauki sandarta. Ba ta taɓa taɓa maɓallin lif da hannunta ba sai ran nan. Ta ratsa falon ƙasa mai ƙyalli tana ɗingishi, ta isa gaban mai gadin.

"Kai ɗan nan, ba ka da uba a gida? Wannan mutumin shi ya yi wa mai gidan da kake gadi huɗuba ranar da aka haife shi!"

Mai gadin ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Hajiya. Haka aka tsara ginin. Ƙofar gaba ta masu gida ce da baƙinsu na mota. Ni ma ta bayan nake bi."

Wannan amsa ta fi zagi yi mata ciwo. Ta fita waje, ta shimfiɗa mayafinta a gefen titi, ta zaunar da Kabo, suka shiga gaisuwa, tana tambayarsa mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, manyan motoci na wucewa ana leƙensu. A haka Yazid ya iske su. Ya durƙusa, zufa na keto masa.

"Inna, don Allah ki tashi, mutane na kallo. Kawu, ka gafarce ni, yanzu zan sa a buɗe."

"A buɗe wa wa? Ƙofar da sai ka sa baki kafin kawunka ya zama mutum? Auta, ba mai gadi nake jin haushi ba. Wani ne ya zauna da hankalinsa ya zana ƙofa biyu, ya ware wadda irinmu za su bi. Kai kuma ka ga haka, ka kawo matarka ka ce nan ne gida."

Ba ta sake hawa benen ba. Sadiya ce ta sauko mata da kayanta tana kuka. Ikilima da Kabo suka sauka gidan wani ɗan Sandamu mai sayar da shanu a bayan gari, washegari suka bi motar Daura. Ragowar maganin a Daura ta ƙarasa shi, gwiwar ba ta warke duka ba.

Yazid bai tashi daga gidan ba, uwa da ɗa kuma ba su yi gaba ba, yana zuwa Baure duk bikin salla. Amma da Sadiya ta haihu ya ce zai aiko mota a ɗauke ta, Ikilima ta ce in suna son ta ga jikarta su san hanyar Baure. A can aka yi suna. Har yau in wata ta ce mata ta yi dace, ɗanta na zaune a sama kusa da gajimare, sai ta ja tsaki ta ce a canja magana.