Idon Baba Ma'auni

A ɗakin gwaje-gwajenmu ba mai kiransa da sunan yanka. Baba Ma'auni muke ce masa, don shekara talatin ya yi yana auna gishiri da sukari, yana dafa romon da muke kiwon bakteriya a ciki. Gajere ne, ga faɗan tsiya in ka taɓa masa cokali. Ko digiri ɗaya ba shi da shi, amma furofesoshi ma sai sun yi sallama kafin su matsa kusa da teburinsa.

Ni ɗaliba ce a lokacin. Idan gishiri ya yi yawa a romo, ruwan jikin bakteriya yakan tsiyaye, sai wasu ƙwayoyin gadonta su farka, su sa ta tara abin da zai riƙe mata ruwa. Ɗaya daga cikinsu nake bibiya. Na haɗa ta da alama: in ta farka, bakteriyar da ta tsiro a farantin gwaji sai ta yi shuɗi.

Wata uku farantaina suna yin shuɗi ko a romon da gishirinsa kaɗan ne. Ba wanda ya taɓa ganin haka. Kaina ya kumbura, ban ɓoye ba. Har na fara tafiya da taƙama. Saura mako biyu in gabatar da sakamakon, shi kuma Baba saura wata takwas ya yi ritaya da mutuncinsa.

Ranar wata Litinin ya shigo da sabon tabarau. 'Yarsa ce ta ja shi asibiti aka cire masa yanar ido. Ya daɗe tsaye gaban kantar kwalabe, sannan ya kira ni.

"'Yata, zo ki karanta min wannan kwalbar."

"Ruwan gishiri mai ƙarfi, Baba."

"To, a nan mai sauƙin yake zama. Shekara guda ke nan ba na ganin rubutu, da wurin zamansu nake gane su. An sauya musu wuri ranar da aka yi fenti, wata uku da suka wuce."

Ashe gishiri ninki goma yake zuba min. Ba abin da na gano, bakteriyar aikinta kawai take yi.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa kallonsa. Duk da haka tausayinsa ya kama ni, na ce, "Baba, ka bari in ce ni na yi kuskuren. Ɗalibi ai an saba."

"A'a. Ke yanzu kika fara. Kuma ba naki kaɗai na dafa ba."

Ya gyara rigarsa, ya nufi ofishin shugabar sashe da ƙafarsa. Ɗalibai huɗu suka sake aiki daga farko. Shi kuma aka ɗauke shi daga teburin awo, aka mayar da shi wankin kwalabe, wurin da ya fara yana saurayi.

Da na maimaita gwajin, farantan suka fito fari fat. Na kai masa ɗaya bakin famfo. Ya goge hannu, ya ɗaga shi sama, ya duba sosai.

"Wannan ne na gaskiya?"

"Shi ne, Baba. Ba komai a ciki."

"Madalla," ya ce. "Je ki rubuta haka nan."