Mai Saya wa Rafi Ƙanƙara

Tun da aikin da aka yi mini alkawari bayan digiri ya rushe, zaman ɗaki ya gagare ni, sai dai tashar bas ta Pantai Dalam. A nan nake kallon wata mata.

Gajeriya ce, 'yar Orang Asli, mutanen da suka riga kowa zama a ƙasar nan. Jan taɓo ya bushe a takalminta, na'urar auna iyakar ƙasa tana rataye a wuyanta. Tana rungume da kula cike da kwalaben ruwa, kowace da sunan rafi da lokacin ɗiba. Bas bai iso ba, ƙanƙarar ciki tana narkewa.

Ga ta a shagon tasha tana neman ƙanƙara zalla, kofi huɗu.

"Yaya, ba shayi? Kifi kika kamo ne?" in ji mai shagon.

"Ruwan da ƙauyenmu ke sha ne," ta ce. "In ya ɗumama kafin a gwada shi, masu saran katakon da ke gurɓata shi za su ce ƙarya muke."

Da gani ba yau ta fara wannan tafiya ba. Tana jera ƙanƙarar tsakanin kwalaben, leɓenta a bushe, ko ɗaya ba ta kai baki ba.